Yini Ɗaya a Gwanzu da Abin da Ya Jawo Mini

Kwana tara na yi a birnin Gwanzu na ƙasar Sin, amma yini ɗaya tal na ga garin. Shi ma wannan yinin sato shi na yi, kuma mijin yayata ya sa na biya shi da mutuncina. 

A lokacin ina da shagon kayan babur a Ƙauran Namoda. Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba, kuma shekarun ne baburan Sin suka cika ko'ina. Daga Zurmi, daga Badarawa, har daga Jangeru 'yan kabu-kabu suke zuwa wurina neman fistan da sarƙa da kulochi. Na yi shekaru ina gyara kafin in buɗe shago, don haka in na riƙe ƙarfe a hannuna na san mai kyau, na san na banza.

Mijin yayata mutumin Shinkafi ne, kowa Alhaji yake ce masa, ni ma haka. Da hatsi ya fara, daga baya ya koma dillancin babura. Ya je Gwanzu sau biyu, kuma duka biyun an haɗa shi da kayan da ba su yi ƙarko ba, domin bai san ƙarfe ba. Shi ya sa ya ce in raka shi karo na uku. Ba don yana ƙaunata ba ne, idona yake so.

Akwai wani malami da yake koyar da injiniyanci a kwalejin fasaha ta garinmu, wanda ya yi karatu a ƙasar Sin. Yakan kawo mini babur ɗinsa. Da ya ji zan tafi sai ya zauna a bencin shagona, ya yagi takarda ya rubuta mini wurare biyar, kowanne da Hausa, a ƙarƙashinsa da rubutun Sinawa don in nuna wa direban tasi. Ya ce duk baƙon da ya fara zuwa Gwanzu ya dawo bai ga waɗannan ba, to kasuwa ya je, ba Gwanzu ba. Akwai tsohon masallaci mai doguwar hasumiya. Akwai kabarin da Musulmin can suke cewa na wani sahabin Manzon Allah ne, ko da yake ya gaya mini malaman tarihi sun yi saɓani a kan haka. Akwai wani babban lambu mai awaki biyar da aka sassaƙa da dutse. Sai kogin da ya ratsa birnin, sai dutsen da suke kira Farin Gajimare, wanda ake hango garin duka daga kansa.

Da na karanta wa mahaifina takardar, bai kula da sauran ba sai maganar kabarin. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, idonsa ya riga ya yi rauni, bai taɓa wuce Legas ba. Ya kama hannuna ya ce, "In Allah ya kai ka, ka tahi can ka yi mani sallama. Ko shi ne ko ba shi ba ne, Musulmi ne kwance nesa da gida."

Na ce, "In sha Allahu, Baba."

Muna sauka a Gwanzu Alhaji ya karɓe fasfona ya sa a jakarsa, wai kada in yar. Daga nan rayuwarmu ta zama iri ɗaya. Da safe wani dillali ya zo ya ɗauke mu zuwa kasuwar kayan babur, in yini ina juya ƙarafa ina cewa wannan ya yi, wannan bai yi ba. Da yamma mu koma masauki. Ta tagar mota kawai nake ganin garin: gadoji a kan gadoji, gine-ginen da sai ka ɗaga kai har hularka ta faɗi, itatuwa kore shar a tsakiyar titi. Sai in ji kamar yaron da aka kai gidan biki aka kulle a ɗaki.

Rana ta uku na fito da takardar na nuna masa. Na ce, "Alhaji, ko da yamma ɗaya ce mu leƙa wuraren nan. Baba ya ba ni saƙo."

Ya karɓa ya juya ta, ya dubi rubutun Sinawan kamar ya ga kunama. Ya ce, "Yawon buɗe ido munka zo? Garin nan duk gumaka ne. Kai da ka hito daga jihar shari'a za ka riƙa bin gidajen tsahi?"

Na ce, "Masallaci ne fa, Alhaji, da kabarin Musulmi."

Ya ce, "Haka sunka ce maka."

Ya ninke takardar ya tura a aljihunsa. Ban sake ganinta ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar Juma'a. Wannan mutumin a gida shi ne a sahun gaba, shi ne mai tsawata wa samari in sun yi jinkirin rufe shago. Na ce masa mu nemi masallaci. Ya ce mu matafiya ne, Juma'a ba ta hau kanmu ba. Na san hukuncin haka yake, ban musa ba. Amma ba tafiya ce ta hana shi ba, wani mai sayar da tayoyi ne yake jiransa. Muka yi azahar a bayan wani rumbun kaya a kan kwali, a garin da na san akwai masallacin da ya girmi duk masallatan da na taɓa shiga.

Kusa da masaukinmu akwai wani ɗan shagon taliya inda muke cin abinci, saboda mai shi Musulmi ne. Basine ne mai farar hula, matarsa da ɗankwali. Da hannu yake jan taliyar, ya miƙe ta ya ninke ya sake miƙewa har ta zama sirara kamar zare. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Wata safiya da Alhaji ya shiga wanke hannu, na matsa kusa da shi na ce, "Masjid." Ya ɗaga kai. Na ce, "Sahabi. Ƙabr." Sai fuskarsa ta washe, ya dafa ƙirjinsa. Ya ɗauko takardar da yake rubuta odar abinci, ya yi rubutu layi biyu, ya zana mini hanya, ya nuna mini da yatsu cewa in fara da kabarin da safe, in je masallacin lokacin azahar.

Ana jibi za mu dawo, aikina ya ƙare. Abin da ya rage lodin kaya ne, kuma Alhaji ya ce shi da dillali za su je, ni in zauna a ɗaki in jira. Na ce ya ba ni fasfona. Ya ce, "Mi za ka yi da shi cikin ɗaki?" Ya fita. Na ba shi ɗan lokaci, na sa takalmi na fita ni ma, ba fasfo, ba komai sai takardar mai taliya da 'yan kuɗi a aljihu.

Kabarin yana cikin wani lambu ne a tsakiyar hayaniyar gari, amma kana shiga ƙofar sai ƙarar motoci ta yanke. Dogayen itatuwa, tsuntsaye, kaburbura masu rubutun Larabci a jere. A can ciki akwai ɗan ɗaki mai ƙubba. Na cire takalmi na shiga. Akwai wasu tsofaffin Sinawa biyu da wani Balarabe a zaune. Na yi sallama a hankali, sai na ji muryata ta zagaya ƙubbar ta dawo mini kamar wani ne ya amsa. Na ce, ga sallamar wani tsoho daga Ƙauran Namoda. Na yi addu'a ga wanda yake kwance da sauran mamatan wurin, na yi wa Baba. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya miƙo mini hankici.

Da na fito sai na ga babban lambun nan yana tsallaken titi, mutane suna ta shiga. Na bi su. Na ga tsofaffi maza da mata suna motsa jiki a hankali kamar masu iyo a iska, wasu suna rera waƙa a gindin itace, wasu suna dara irin tasu. Na hau wasu matakala sai ga awakin nan biyar a kan tudu, babban bunsuru a sama da zangarniya a bakinsa. Malamin kwaleji ya ba ni labarinsu: wai a da can an yi yunwa, sai awaki suka zo da irin shinkafa, shi ya sa garin ya ɗauke su alama. Ba wanda na ga yana bauta musu. Yara suna hawa gefen dutsen, iyaye suna cin gyaɗa. Ni dariya ma suka ba ni, na ce a raina jajayen awakin Zurmi sun fi su kyan ƙira.

Akwai mai ɗaukar hoto irin wanda yake fitowa nan take. Ya yafito ni. Na tsaya a gaban dutsen, ya duba na'urarsa ya girgiza kai, ya yi mini alama in rage tsawo domin kaina ya tare awakin. Na tsuguna a kan gwiwa ɗaya ina dariya, ya ɗauka. Wannan shi ne laifin nawa gaba ɗaya.

Na isa tsohon masallacin daf da azahar. Yana cikin wani lungu ne, rufinsa irin na gidajen Sinawa mai lanƙwasassun kusurwoyi, in ba don rubutun Larabci ba ba za ka ce masallaci ba ne. Hasumiyar zagayayya ce, sumul, ruwan toka, ba ado ko ɗaya, kamar an ɗauki rumbun ƙasa irin namu an ja shi sama. Na yi alwala tare da mutanen da ban iya gaya musu ko sunana ba, muka daidaita sahu, kafaɗa da kafaɗa. Bayan sallama wani dattijo ya kama hannuna da hannu biyu ya tambaye ni da Larabci daga ina. Na ce Najeriya. Ya maimaita wa na kusa da shi, shi ma ya maimaita wa na gaba, har maganar ta kai ƙarshen sahu.

Da la'asar na je bakin kogin. Ni da na saba da gulbin da ake tsallakawa da ƙafa da rani, sai ga ruwa mai ɗaukar jiragen kaya. Na shiga jirgin fito tare da ma'aikata masu kekuna, na haye na dawo, na sake hayewa na dawo, don daɗi kawai. Dutsen Farin Gajimare ne ban samu zuwa ba, rana ta yi ƙasa.

Da na koma masauki na tarar da Alhaji zaune a bakin gado. Na shirya wa faɗa, amma bai yi ba. Ya ce, "Ka dawo?" Na ce na dawo. Na fara ba shi labarin masallacin, ya juya mini baya. Har muka sauka Kano bai yi mini magana ta kirki ba.

Da muka iso gida na zauna gaban Baba na ba shi labari tun daga ƙofar lambun har amon ƙubbar. Sau uku ya sa na maimaita. Hoton kuwa na kai wa yayata Shinkafi don ta nuna wa 'ya'yanta, suka yi ta dariyar kawunsu da awaki. Ta ce in bar mata shi kwana biyu. Na bari.

Bayan kamar mako biyu na fara ganin canji. A ɗan masallacin layinmu, in liman ba ya nan ni nake jan salla. Ran nan na matsa gaba sai wani maƙwabcin shagona ya dafa ni ya ce in bari wani ya ja. Na ɗauka wasa ne. Washegari wani ɗan kabu-kabu daga Badarawa, wanda ya daɗe yana sayayya a wurina, ya tsaya a bakin shago bai shigo ba. Ya ce, "Don Allah in tambaye ka, kada ka ji haushi. Wai da gaske ne ka yi ma gunki sujada a ƙasar Sin?"

Na ce, "Wa ya ce?"

Ya ce, "Ran kasuwar Shinkafi munka ga hoton. Alhajinku ne ka nuna ma mutane."

Wanda bai zauna a garuruwanmu a shekarun nan ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Lokaci ne da kowa yake duba addinin maƙwabcinsa, kalma ɗaya tana iya raba mutum da matarsa. Surukina na Zurmi ya aiko a tambayi 'yarsa ko gaskiya ne. Wasu suka daina amsa mini sallama da baki, sai da kai. Ni da na yi kuka a gaban kabarin Musulmi, ni da na nemi Juma'a aka hana ni, ni ne aka mayar mai bautar akuya. Kuma na san dalilin Alhaji. Masu kayan da muka yi hulɗa da su a can sun gane ni ne na san ƙarfe, wasu sun ba ni katinsu a gabansa. Tsoro yake kada in koma ni kaɗai. Ga shi kuma na fita ba da izininsa ba, shi da ya saba ko tari sai an tambaye shi.

Na ɗauki babur zan tafi Shinkafi in same shi a tsakiyar kasuwa. Baba ne ya hana ni. Ya ce a kira Alhaji zauren malamin unguwarmu, kuma shi da kansa ma sai an kai shi wurin.

Aka zauna da hantsi. Malam, da Baba, da dattawa uku, da ni, da Alhaji cikin babbar riga yana jan carbi. Na ba su labarin inda na je a ranar, har amon ƙubbar da hawayen da na yi. Malam ya ce a kawo hoton. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Alhaji, ni dai tsugunno nake gani, ba sujada ba. Kuma fuskarsa tana kallon mai hoto, awakin suna bayansa. Ka taɓa ganin wanda ya bauta wa abu ya ba shi baya?"

Wani dattijo ya yi dariya ya kame bakinsa.

Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban ce ya yi sujada ba. Cewa na yi a duba."

Na ce, "Ƙarya kake yi, Alhaji!"

Nan take aka taso mini. Kai, kai, mijin yayarka ne, ya girme ka, ba a haka. Malam ya ce mini nan gaba in guji ɗaukar hoto da sassaƙe, na ce na ji, kuma na yarda da gaskiyarsa. Sai Baba ya juya inda yake jin muryar Alhaji ya ce, "Ina da tambaya guda. Kai ka tahi kabarin?"

Alhaji ya ce harkoki sun yi yawa.

"Masallacin fa?"

Ya ci gaba da jan carbinsa.

Baba ya ce, "To."

Iyakar abin da aka yi masa ke nan. Aka ce mu yi musafaha, aka ce in yi haƙuri. Ni aka ɓata, ni aka ce in yi haƙuri. Ba wanda ya ce masa ya koma kasuwar Shinkafi ya tsaya inda ya tsaya ya ce ƙarya ya yi. Mutum biyar ne suka ji an wanke ni, waɗanda suka ji an ɓata ni kuwa sun cika kasuwa. Na miƙa masa hannu saboda Baba yana zaune, amma ban dube shi ba.

Liman ya mayar da ni jan salla, masu sayayya suka dawo sannu a hankali. Sai dai sunan ya zauna. Har yanzu akwai waɗanda in suna kwatancen shagona suke cewa shagon mai awaki, wasunsu ma ba su san mafarin abin ba. Yayata ta zo ta yi kuka, ta ce da ta sani da ta ƙona hoton. Na ce mata ba ita ta yi ba. Saboda ita nake zuwa gidan da salla, in gaida shi daga tsaye in wuce ciki.

Bayan wasu shekaru aka yi suna a dangin matata a Zurmi, Alhaji ma ya zo. Muna zaune a rumfa ana jiran abinci sai na ji muryarsa daga ɗaya gefen. Wasu samari masu shirin fara zuwa Gwanzu sun kewaye shi, yana ba su shawara. Yana cewa, "Duk wanda ya tahi bai ziyarci kabarin sahabi ba ya yi asara. In ka yi sallama cikin ƙubbar nan, muryarka za ta dawo maka. Ni da kaina sai da na yi hawaye."

Maganata ce, wadda na faɗa a zauren Malam yana zaune yana jan carbi.  Na tashi na je na tsaya a kansu na ce, "Alhaji, hasumiyar tsohon masallacin nan, wane launi ce?"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Kore ce, da ado na zinariya."

Samarin suka ce ma sha Allah. Ba wanda ya taɓa ganinta a cikinsu, ba wanda zai ce ba haka ba ne. Na ce, "Ruwan toka ce, kuma ba ka taɓa taka wurin ba." Sai wani dattijo ya ja rigata ya ce in ji tsoron Allah, gidan suna ne, in bar tone-tone. Alhaji ya yi murmushi ya ce a ƙyale ni, ƙuruciya ce, alhali a lokacin furfura ta fara fito mini.

Ban jira abincin ba. Na tayar da babur na kama hanyar Ƙaura, matata ta biyo ni a mota washegari.